Jan Fenti a Jikin Lifaki

Ranar da Lifenya ya fara ganin Mwamini, tana tsaye ne cikin laka har gwiwa, ta rungume wata bishiya tana son ta zagaya mata igiyar awo, igiyar kuma ta ƙi kaiwa. Shi yana can sama a kan reshe yana neman zuma. Ya daɗe yana kallonta kafin ya yi magana.

"Baiwar Allah, in kokawa kuke yi, ita za ta kayar da ke."

Ta ɗaga kai, ta share gumi da bayan hannu. "In ka gama dariyar, sauko ka riƙe mini bakin igiyar nan."

Ya sauko ya riƙe. Tun daga ranar bai sake samun kwanciyar hankali ba.

Mwamini daga Kisangani ta zo, tana karatun zama dakta a kan bishiyar lifaki da tsutsar mbinzo da ke sauka daga jikinta idan damina ta yi nisa. Tana zaune a sansanin masu bincike da ke bakin kogi, tafiyar awa ɗaya daga garinmu Yafolema. Kafin mako ya zagayo sansanin ya ɗauki Lifenya aikin jagora, don duk garin babu wanda ya kai shi sanin daji, sai dai mahaifinsa, Papa Bosongo.

Aikinta iri ɗaya ne kullum. Za ta auna kaurin bishiya, ta kafa mata 'yar lambar ƙarfe da ƙusa, ta zagaya mata jan fenti, sannan ta danna na'urar taswira ta rubuta daidai inda bishiyar take. Lifenya ya sa mata suna Mai Awo. Ita kuma tana ce masa Dogo, ko da yake da kaɗan ya fi ta tsawo.

A garinmu waya ba ta kamawa sai a kan tudun coci. Lifenya, wanda a da sai ranar Lahadi ake ganinsa a can, ya koma hawa tudun sau biyu a rana. Matan gari suka ce yaron Bosongo ya shiga addini da ƙarfi.

Saƙon farko da ya tura mata shi ne: "Mai Awo, kin isa lafiya? Ki duba ƙafarki, na ga matsattsaku ya kama ki, ban faɗa ba don kada ki yi ihu ki kori birai."

Ta amsa: "Dogo, na cire guda uku. Allah Ya isa tsakanina da kai. Gobe ka zo da wuri, daji ba ya mini daɗi in ba ka."

Ya karanta shi har batir ya mutu.

To, a wurinmu kowane gida yana da bishiyoyin lifakinsa a can cikin daji, kuma ba a nuna wa baƙo su. Daga jikinsu ake tsince mbinzo kwando-kwando, a yi banda, a ci har shekara ta zagayo, a lokacin da nama ya yi wuya kifi ya gudu. Mace ɗaya kawai namiji ke kaiwa wurin bishiyoyin gidansu, wadda zai aura. Idan saurayi ya ce wa budurwa ta zo ya nuna mata lifakin gidansu, ya gama magana, sai dai a fara neman awakin sadaki.

Lifenya mai kunya ne, bakinsa ba ya iya ɗaukar kalmar so. Bayan wata biyar ya ce mata, yana kallon ƙasa, "Gobe zan kai ki ki ga na gidanmu."

"Manya ne?"

"Ba ki taɓa ganin irinsu ba."

Bai roƙi izinin mahaifinsa ba, bai kuma yi mata bayanin abin da tafiyar take nufi ba. A tunaninsa duk macen duniya ta sani. Ita kuma a Kisangani babu wanda ya taɓa gaya mata.

Suka yi tafiyar wuni biyu. Bishiyoyi tara suna wannan gefen fadama, biyar suna can bayanta, inda sai an ratsa ruwa har ƙirji. Da ta tsaya a gindin ta farko, idon Mwamini ya ciko da ƙwalla. Mutum shida ba za su iya rungume ta ba. Lifenya yana gefe yana jiran amsarsa.

Sai ta buɗe jaka ta ciro igiyar awo.

Ya so ya hana ta. Amma ya ga yadda fuskarta ke haske, ya ce a ransa kowace mace da irin nata amsawar. Ya riƙe mata bakin igiya kamar kullum, ya riƙe mata gwangwanin fenti, ta kafa lamba, ta danna na'ura. Na sha tunanin wannan rana, kuma har yau ban san wanda ya fi laifi a cikinsu ba.

A hanyar dawowa ce ta tsaya ta kama hannunsa. "Dogo, kai ba za ka taɓa faɗa ba, ko? To ni na faɗa. Ina sonka."

"Ai na faɗa tun jiya," in ji shi.

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake.

Labari ya riga su isa gida, don wani maharbi ya ga sawunsu. Papa Bosongo yana zaune yana wasa adda, bai ɗago ba.

"Ka kai ta?"

"Na kai ta, Papa. Aurenta zan yi."

"Wadda ke shafa wa itace jini? Masu zarto ma da ja suke shafawa kafin su sare."

"Nata na karatu ne, Papa."

"Ja dai ja ne. Kakanka ya ɓoye bishiyoyin nan ga Turawa, ni na ɓoye su ga sojoji lokacin yaƙi, kai ka nuna su don an yi maka murmushi. Ba da bakina ba."

Can Kisangani ma ba a yi murna ba. Mahaifiyar Mwamini, mai sayar da bandar kifi a kasuwa, ta kira ta. "Shekara ashirin ina shan hayaƙi don ki fita daga talauci, ke kuma ki koma daji ki auri mai hawan itace? Ga Dakta Firmin nan, mutum da motarsa, kullum sai ya zo gaishe ni."

Dakta Firmin shi ne shugaban aikin binciken, duk rahoton Mwamini ta hannunsa yake bi. Sau biyu yana neman aurenta, sau biyu tana ba shi haƙuri. Da ta koma birni a ƙarshen shekara ta miƙa masa rahoton rabin aiki, da taswirar bishiyoyi taran nan a ciki. Biyar na bayan fadama ba ta kai ga shigar da su ba, suna cikin na'urarta.

Ya duba taswirar, ya dube ta. "Na ji an ce kin samu miji a dawa."

"Na samu, Dakta."

"Allah Ya sanya alheri," ya ce, ya rufe fayil ɗin.

Ko kwaɗayi ne ya ja shi, ko haushi, ko duka biyun, Allah ne masani. Abin da muka sani shi ne, bayan wata uku masu zarto suka shigo ta tsohuwar hanyar katako da ke bayan daji, ba ta cikin gari ba. Ba su yi yawon nema ba. Kai tsaye suka je, bishiya bayan bishiya, kamar masu bin lambar gida. Daga gari muna jin wani gurnani can nesa, muka ɗauka hadari ne.

Lifenya ne ya fara isa wurin. Inda a da rana ba ta taɓa ƙasa ba, yanzu fili ne fetal, kututture tara, garin katako har idon sawu, ga warin fetur. A jikin wani ɓawo da aka yar ya ga jan fenti da lamba bakwai, wadda shi da kansa ya riƙe wa ƙusa. Ya tsugunna a wurin ya yi kuka irin na manya, wanda ba shi da sauti.

Ɗaya daga cikin masu zarton, da aka kama shi a bakin kogi, ya ce takarda aka ba su daga birni, da sunan wata mace a samanta.

Papa Bosongo bai daki ɗansa ba, bai zage shi ba. Ya sa aka fitar da kwanonsa daga rumfar maza. Daga ranar Lifenya shi kaɗai yake cin abinci a bayan gida.

Ya hau tudun coci ya rubuta mata: "Sun sare tara. Sunanki ne a takardar. Na kai ki wurin da ake kai mata ɗaya tak a rayuwa, kika sayar. Kada ki sake nemana."

Saƙonninta suka yi ta shigowa. Na farko: "Dogo, wallahi ban sayar ba, rahoto kawai na bayar." Na biyu: "Wane wuri ne ake kai mata ɗaya? Me ya sa ba ka gaya mini ba?" Na uku: "Yau na tambayi wata 'yar yankinku a kasuwa, ta yi mini bayani. Ashe aurena ka nema ranar nan, ni kuma na ciro igiyar awo. Na cuce ka, na cuci gidanku. Ka yafe mini ko kada ka yafe, ina zuwa."

Bai ga ko ɗaya ba, don ya daina hawa tudun.

Damina ta yi nisa, lokacin mbinzo ya zo. Gidan Bosongo mutum talatin ne da ɗoriya, bishiya biyar ba ta riƙe su. Aka koma rogo da ganyen rogo, safe da yamma, babu abin haɗawa. Gashin yara ya fara yin ja, cikinsu ya fito. Da ƙyanda ta shigo gari, yaran wasu gidaje suka kwanta suka tashi. Ƙanwar Lifenya, Bolumbu, tana da 'ya mai shekara biyu, yarinyar ta kwanta ba ta tashi ba. Wasu suka ce ƙyanda ce, wasu suka ce yunwa. Mu da muka wanke ta mun san nauyinta.

Kwana tara bayan jana'izar Mwamini ta sauka daga kwalekwale. Kafin ta taho ta je ofishin Dakta Firmin, ya musanta komai, kuma ba ta da shaidar da za ta kama shi da ita. Ya ce mata na'urar taswira mallakar aikin binciken ce, ta kawo ta da duk abin da ke ciki kafin ƙarshen wata, in ba haka ba ta manta da zama dakta. Ta san abin da ke ciki, shi ma ya sani.

Babu wanda ya amsa gaisuwarta daga bakin kogi har ƙofar gidan Bosongo. Ta durƙusa a tsakar gida, Bolumbu ta tashi ta shige ɗaki.

"Papa, ni ce na rubuta inda suke. Ban sayar ba, amma hannuna ne."

"Me kika zo yi?"

"Saura biyar. Suna cikin wannan." Ta ajiye na'urar a ƙasa, da littattafanta guda huɗu, aikin shekara uku. Ta jawo taɓaryar da ke jingine da turmi ta sauke wa na'urar, sau ɗaya, sau biyu, har ta zama tarkace. Littattafan ta tura su cikin murhu da hannunta.

Tsohon ya kalli wutar har ta cinye. "Wannan ba zai ta da jikata ba."

"Na sani, Papa. Amma har yanzu akwai fenti a jikinsu, duk wanda ya ratsa fadama zai gane su. Ina roƙon a kai ni in kankare."

Lifenya yana tsaye a bayan gida, ya ji komai. Da safe ta same shi a bakin hanya da adda a hannu. Bai gaishe ta ba, ya wuce gaba, ta bi shi.

Fadamar ta cika, ruwa ya kai mata wuya. A tsakiya ƙafarta ta shige tsakanin saiwoyi, ta nutse, ya finciko ta da gashi. Ta fito tana tari, jini na bin ƙwaurinta. Suka isa, ta zare ƙusoshi da hannunta, ta kankare fenti da wuƙa, ta shafe wurin da laka. Kafin ta gama ta biyar tafin hannunta duk ya sale.

Sai a nan ya yi magana. "Kawo hannun."

Ya tauna wani ganye ya ɗaure mata. Tana kallonsa tana hawaye.

"Dogo, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na ɗauka kin sani. Kuma ni na riƙe miki gwangwanin fentin, Mai Awo. Wata biyar ina ɗora miki laifi don na kasa ɗaukar nawa."

"Har yanzu kana sona?"

"Da na iya dainawa da na huta."

Sansanin ya sallame ta, jami'a ta soke sunanta. Mahaifiyarta ta turo saƙo: "Kin zubar da wahalata a kogi. Ki zauna can." Ta zauna ɗin. Wata gwauruwa a ƙarshen gari ta ba ta ɗaki. Kullum da asuba tana tafiya filin kututturen nan, tana tono 'ya'yan lifaki da suka tsiro kafin rana ta ƙone su, tana dasa su cikin ganyen ayaba a ƙarƙashin wata rumfa da Lifenya ya kafa mata. Da yawa suka mutu, ta sake tonowa. Yara suna jifan rumfar, mata suna sauya hanya idan sun hango ta. Ta rame har sai ka dube ta sau biyu kafin ka gane ta.

Sau uku Lifenya yana tura dattawa wurin mahaifinsa, sau uku suna dawowa da amsa ɗaya. Abokansa suka ce ya ɗauke ta su gudu birni. Ita ce ta ƙi. "Na raba ka da bishiyoyinku, ba zan raba ka da ubanka ba."

Haka aka ci shekara guda da rabi.

Wata safiya tana ban ruwa ta ji tari a bayanta. Papa Bosongo ne da sandarsa. Ta durƙusa. Ya bi layin dashen yana dubawa, ɗari biyu da wani abu, kowanne bai wuce gwiwa ba.

"An ce kin ƙirga shekarun babbar da aka sare."

"Na ƙirga a jikin kututturen, Papa. Ɗari uku da goma sha biyu."

Ya jinjina kai. Ya nuna wani ɗan tsiro da sanda. "Wannan fa, yaushe mbinzo za ta sauka daga kansa?"

Lifenya ya iso yana tsaye daga nesa, yana yi mata alama da ido ta sassauta. Ta gan shi sarai.

"Ba za ka gani ba, Papa. Ni ma ba zan gani ba. Shekara saba'in, wataƙila tamanin, in ya rayu."

"To don wa kike wahala?"

"Ban sani ba, Papa. Na dai kasa zama."

Tsohon ya sake bin layin dashen da kallo. Na tabbata da ta yi masa ƙarya don ya ji daɗi, da ya juya ya tafi ke nan.

"Shekara tamanin," ya ce. "Ashe sai an samu masu jira." Ya juya wajen ɗansa, karon farko tun ranar da aka fitar da kwanonsa. "Kai, tsayuwar me kake yi? Je ka nemo awaki."

Aka yi bikin bayan Ista. Ba a yi wani shagali ba, shekarar ba ta shagali ba ce, rogo ne da kifi kaɗan da giyar kwakwar manja. Mahaifiyar Mwamini ta zo a kwalekwale da fuska a ɗaure da buhun bandar kifi a ka. Da ta ga hannun 'yarta sai ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka, daga nan ta tashi ta karɓi ragamar girki tana faɗa da kowa. Bolumbu ba ta fito ba, kuma babu wanda ya ga laifinta.

Da aka dawo daga coci, ango da amarya suka durƙusa a tsakar gida. Lifenya ya raɗa mata, "Mai Awo, kina rawar jiki."

"Yi shiru, Dogo, kai ma kana yi."

Papa Bosongo ya kurɓi ruwa daga ƙwarya ya fesa musu a ka da ƙirji, kamar yadda uba ke yi.

"Na yafe muku abin da yake nawa ne in yafe. Sauran ku nema wurin Allah da wurin Bolumbu. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu tsawon rai, su haifi masu haƙuri."

Muka ce amin.